Daga Zuriyar Da Allonku Ya Ce Ta Ƙare

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Kafa Allunan Tarihi da Tunawa da Magabata,
mai riƙe da makullin jiya da shekaranjiya, wanda in ya ce an yi to an yi, in kuwa ya ce ba a yi ba, ko a gabanka aka yi sai ka je a duba maka ido.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ƙarami ke yi wa babba yana durƙushe, ina fatan kana lafiya, iyali lafiya, ma'aikata lafiya, har da masinjan ofishinka mai yawan tari, wanda yanzu muka saba da shi kamar ɗan ɗaki. Mu ma nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi, in ka ɗebe cewa mun ƙare.

Ni ne mai waldar nan da wata biyar da suka wuce hukumarka ta karrama ƙofar shagonsa da wani ƙaton allon ƙarfe, kore shar, mai ƙafa biyu, da rubutu ruwan zinariya. Hannuna ya fi sabawa da guduma a kan alƙalami, don haka in na yi tuntuɓe a yi mini afuwa. Na rubuto wannan a fili inda kowa zai karanta ne saboda wasiƙu uku da na kai ofis da ƙafata an karɓe su hannu biyu-biyu, an adana su a wani wuri mai tsaro wanda ku ma ba ku san shi ba.

Don kada in wahalar da kai da neman fayil, ga abin da allon ya ce:

A NAN NE, SHEKARA ƊARI UKU DA SUKA WUCE, WANI JARUMIN MATAFIYI MAI HANGEN NESA YA SAUKA, YA HAƘA RIJIYA DA HANNUNSA, YA KAFA WANNAN UNGUWA. RIJIYAR TA ƘAFE. ZURIYARSA TA ƘARE. AN HANA TAƁA WANNAN ALLO.

Ranka ya daɗe, matafiyin nan kakana ne, wanda ya haifi mahaifiyata. Ranar da na karanta layin farko sai da na yi tsalle da silifa ɗaya. Mu ne a tarihi! Mu da ko a hoton biki a gefe ake sa mu, rabin kafaɗa a ciki rabi a waje! Na rungumi mai aski, na rungumi mai kanti, na kusa rungumar matar mutane. Sai da na kusa kai ƙarshe na gane ashe ta'aziyya nake karantawa. Duk da haka murnar ba ta sake ni ba har yau, domin ba kowa Allah ke ba ikon karanta labarin ƙarewarsa yana tsaye da ƙafafunsa ba. Cikin wannan murnar nake gabatar da 'yan ƙorafe-ƙorafena, waɗanda ba su taka kara sun karya ba.

Na farko, maganar mazaunin allon. Ma'aikatanka, Allah ya yi musu albarka, sun auna da igiya, sun auna da ido, sun ja da baya sun ƙanƙance ido ɗaya, sannan suka dasa shi tsakiyar ƙofar shagona cif, suka zuba masa siminti buhu biyu. Ni yanzu a karkace nake shiga wurin sana'ata kamar ƙaguwa. Wannan ba komai ba ne, tumbin ma ya ragu. Matsalar ita ce akwai ƙyauren get mai faɗin taku goma sha biyu da na ƙera wa likitan haƙori na bayan layinmu, na gama shi ana gobe za ku zo. Yau wata biyar yana ciki. Mun gwada ta tsaye, mun gwada ta kwance, mun cire kwano biyu mun gwada ta sama. Likita yakan zo duk Asabar ya duba ƙyaurensa kamar mai ziyara a gidan yari, ya shafa shi, ya yi ajiyar zuciya, ya koma gidansa da awaki ke shiga ba sallama. Na ce masa ko in raba shi biyu in fitar, in mun je can in haɗa? Ya dube ni ya ce, "Ka raba shi, ni kuma ranar da ka zo wurina in cire maka haƙoran gaba guda biyu, in mun je can in haɗa." Shin ranka ya daɗe, ƙyauren nan shi ma ya shiga tarihi ke nan? In haka ne a sanar da likita, ya san irin alfarmar da ya samu.

Tunda muna kan ƙarfe, a miƙa gaisuwata ga wanda ya yi waldar ƙafar hagu ta allon. Na shekara talatin a wannan sana'a ban ga irinta ba: ɗigo-ɗigo kamar kashin kaza. Duk sanda iska ta kaɗa sai allon ya ɗan rusuna wa masu wucewa. Minti biyar ya ishe ni in gyara, injina na nan taku ɗaya, amma an hana taɓawa, ni kuwa mai bin doka ne. Ina dai kallonsa kullum kamar mai azumi da tulu.

Na biyu, maganar ƙarewarmu. Ban isa in yi musu da hukuma ba, amma mu goma sha tara ne a gidan nan. Na ƙirga da safe na samu sha shida, na sake ƙirgawa da aka zuba abinci na samu sha tara cif, domin lokacin ne kowa ke bayyana. Shin a wace rana muka ƙare? Da safe ne ko da yamma? Ina tambaya ne don maiɗakina ta matsa mini. Ta ce, "To ni yanzu mece ce, matar aure ko mai takaba? Ka tambayo su in san irin kayan da zan sa." Tun daga ranar kuma, in na miƙa kwano neman ƙari, sai ta janye tukunya ta ce wanda ya ƙare ba ya neman ƙari.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙarewa tana da daɗinta. Surukina da ke aron tsanina tun kafin a haifi 'yata ta fari ya aiko kwanan baya, na ce a je a karanta masa allo. Taron iyayen yara na makaranta ma na daina zuwa. Amma akwai wahala. Wata Lahadi motar masu yawon buɗe ido ta tsaya, mutum wajen ashirin, kowa da waya a sama. Jagoransu ya karanta musu allon da murya mai ban tausayi, ya kai kan ZURIYARSA TA ƘARE, ya yi shiru don abin ya ratsa su. Daidai lokacin ni kuma na gama wani aiki, na fito a karkace daga bayan allon, baƙin murfin walda a fuskata, hayaƙi na tashi a kafaɗata, na ce, "Sannunku da zuwa."

Ranka ya daɗe, ban san mutum mai ƙiba yana iya gudu haka ba. Wata baiwar Allah ta bar takalmi ɗaya, yana nan na rataye shi a ƙusa ko za ta dawo. Jagoran kuwa shi ya riga kowa shiga mota, ya kulle ƙofa ta ciki.

Na uku, kibiyar da kuka zana a ƙasan rubutun. Rijiyar da ake magana tana tsakar gidanmu, hannun dama, ƙarƙashin bishiyar lemo. Ba ta ƙafe ba. Guga uku na ja da safen nan, ruwa garai-garai, sanyi kamar daga firji, kuma mahaifiyata ba ta shan wani ruwa in ba shi ba. Kibiyarku kuwa hagu ta nuna, kai tsaye kan wani murfin siminti a bayan katangar maƙwabcina mai kanti. Ina jin nauyin faɗa wa babba irinka ko murfin mene ne. Abin da zan iya cewa shi ne ramin yana da alaƙa da ban-ɗakin mai kanti, kuma shi ma bai ƙafe ba.

Yanzu baƙi can suke zuwa. Su tsaya a kewaye da murfin cikin natsuwa, wasu su cire hula, wasu su ɗauki hoto suna dafe da shi. Wani farfesa ya zo da tabarau da jaka, ya sa aka ɗaga murfin, ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗago da hawaye a idonsa ya ce, "Lallai wannan tsohon wuri ne." Ya zura kwalba da zare ya ɗebi samfuri, ya ce za a kai ɗakin bincike. Na je in yi masa bayani, mai kanti ya taka mini ƙafa. Shi fa tun da abin ya faru ya sake tafiya. Ya shafa wa murfin farin fenti, ya jera duwatsu a kewaye, yana gaya wa mutane wai tun yana yaro yake jin wurin yana da wani abu. Yana da shi kam. Ina roƙon in sakamakon binciken farfesa ya fito a turo mana kwafe, unguwa gaba ɗaya ta ƙagu.

Na huɗu gajere ne, lissafi ne kawai. Kun ce shekara ɗari uku. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana da shekara bakwai aka haƙa rijiyar nan, a gabanta. Yau shekarunta casa'in da ɗaya. Ko dai ku kun ƙara, ko ita ta rage. Na san akan ɗan rage shekaru, ni ma nakan taɓa, amma rage ɗari biyu da goma sha shida ya yi yawa ko ga mace mai kyau.

Na biyar, kuma a nan ina da laifi, gara in faɗa da bakina. Allonku ya jawo annoba. Sati bai cika ba mai aski ya shigo shagona a karkace, ya ce shi ma fa ba daga sama ya faɗo ba, yana son allo. Na ce me za a rubuta? Ya ce, "A NAN NE AKA FARA ASKI DA INJI A WANNAN LAYI." Na ƙera masa. Washegari tela ya zo, ya ce ai kakansa ne ya fara kawo almakashi. Mai faci ya sa na rubuta masa cewa a gaban rumfarsa ne tayar wata babbar mota ta fashe har kaji suka daina ƙwai kwana uku. Mai wanki da guga ya rasa abin da zai ce, ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya zo da nasa: "A NAN BA A TAƁA YIN KOMAI BA, AMMA ANA SA RAI."

Zuwa yau na ƙera goma sha ɗaya. Layinmu mai gida ashirin ya fi wasu ƙasashe tarihi. Makaho ba ya iya wucewa sai da ɗan jagora biyu. Mai aski da tela sun daina gaisawa a kan wata bishiyar da ke tsakaninsu, kowa ya kafa mata allo ta ɓangarensa, ɗaya ya ce kakansa ya dasa, ɗaya ya ce akuyar kakansa ce ta kawo irin. Dukansu ni na ƙera musu, kuma ina mai tabbatar maka waldar ƙafafunsu ba ta rusuna wa kowa. Tambayata ita ce, tunda hukuma ba ta tambayi kowa ba kafin ta rubuta nata, su ma kuma ba su tambayi kowa ba, ta yaya baƙo zai bambanta na gwamnati da na mai faci? Ni dai da launin fenti nake ganewa.

Na shida shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A yi haƙuri zan ɗan ja shi.

Jarumin matafiyin nan mai hangen nesa, a gidanmu sunansa Ina-zuwa. Ga dalili. Shekara tamanin da huɗu da suka wuce, shi da matarsa, wato kakata, da 'yarsu ɗaya, suna tafe a amalanken jaki za su wani gari neman aiki. Da suka iso daidai inda shagona yake, lokacin ba komai sai ƙaya da fili, ƙafar amalanken ta karye. Hangen nesan ke nan. Kakana ya sauko, ya zagaya amalanke sau biyu, ya ce wa kakata, "Ku zauna a nan, bari in samo maƙeri. Ina zuwa." Ya hau jakin ya tafi.

Ya dawo bayan shekara huɗu. Ba maƙeri, ba jaki.

A cikin shekara huɗun nan, kakata ta jira kwana uku, ruwan tulu ya ƙare. Rafi mafi kusa tafiyar rabin yini ne. Ta lura da wani wuri da ciyawa ta ƙi bushewa, ta ciro ƙarfen ƙafar amalanken da ta karye, ta fara tono. Ita tana ciki tana haƙa, Inna tana sama tana jan kwandon ƙasa da igiya tana zubarwa, yarinya 'yar shekara bakwai. Kwana goma sha tara. Inna ta ce tafin hannunta ya sale har igiyar ta yi ja, kuma duk sanda ta leƙa ta ga uwarta ta ƙara nisa sai ta fashe da kuka, uwar ta ɗago daga ƙasa ta ce, "Ki adana hawayen, in ba mu samu ruwa ba su za mu sha." Ranar ta sha tara da hantsi ƙasa ta fito a jiƙe. Daga nan matafiya suka fara tsayawa shan ruwa, wani ya kafa rumfa, wani ya kawo iyalinsa. Da kakana ya dawo ya tarar da gida tara da kasuwar yamma, har ya tsaya yana tambayar mutane ko sun ga wata mata da amalanke. Kakata ta dube shi daga bakin rijiya ta ce, "Ka samo maƙerin?" Ta miƙa masa ruwa. Ya sha, ya zauna, bai sake zuwa ko'ina ba har ya rasu, kuma a iya sanin Inna bai taɓa jan guga ba, wai bayansa. Kura da shan bugu, ranka ya daɗe, gardi da karɓar allo.

Ranar da kuka zo buɗe allon, da labule da lasifika da kujerun roba, Inna ta sa aka fito mata da kujerarta ƙofar gida tun da sassafe, ta yi kwalliya. Mataimakinka ya yi jawabi na minti arba'in a kan yadda hukuma ta sha wahalar bincike, domin a cewarsa babu sauran wanda ya ga abin da idonsa. Inna tana zaune taku uku daga takalminsa. Da aka zo ɗaukar hoto, wani mai rataye da kati a wuya ya ce, "A ɗan matsar da tsohuwar nan, tana ɓata hoto." Aka ɗauke ta da kujerar gaba ɗaya, aka ajiye bayan mota. Ba ta ji haushi ba, kunnenta ya yi nauyi, ta ɗauka girmamawa ce, har tana ɗaga wa mutane hannu.

Da kowa ya watse ta kira ni. Inna ba ta yi karatun boko ba. Ta ce, "Kai, karanta mini abin da suka rubuta a kan uwata."

Ranka ya daɗe, na dubi allon, na dubi fuskarta. Na gyara murya na karanta mata cewa a nan ne wata jaruma ta haƙa rijiya da ƙarfen amalanke, ita da 'yarta. Ta ce, "Sun sa kwana goma sha tara?" Na ce sun sa. Ta ce, "Sun sa igiyar?" Na ce ga ta nan a layi na uku. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe gwamnati tana da kunne." Daga ranar, kullum bayan ta karya sai ta ce in sake karanta mata, ni kuma kullum sai na ƙara wani abu, har allon nan mai layi biyar ya kai tsawon huɗuba. Na gargaɗi duk gidan, wanda ya fasa ƙwai shi da ni.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata uku muna haka, sai wata malamar makaranta ta kawo 'yan ajinta. Irin malaman nan masu murya kamar ƙararrawa, waɗanda ko kurma sai ya ji. Ta tsaya kusa da kujerar Inna ta karanta allon dalla-dalla, ta sa yara suka maimaita. "Zuriyarsa ta me?" Yara arba'in suka amsa, "TA ƘARE!"

Ina cikin shago, na kashe inji. Na fito. Inna ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta kalle ni ta ce, "Jarumi? Ina-zuwa ne jarumin?" Sai ta fashe da dariya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, aka kawo ruwa, ta sha, ta ci gaba. Ta ce, "Kuma wai mun ƙare? To in na ƙare, wannan ciwon gwiwar na wane ne? A zo a karɓa." Yara suka kama dariya, malama ta rasa inda za ta sa kanta. Amma da na ɗauke ta muka shiga gida, ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Ba ka kyauta ba, amma na san dalilinka. Ni ban damu da kaina ba. Uwata ce dai, ko gaisuwa ba a yi mata ba." Ranar ba ta ci komai ba.

Washegari ta sa aka kai kujerarta gindin allon sosai, ta zauna da sandarta a cinya. Duk baƙon da ya tsaya zai karanta, sai ta ƙwanƙwasa ƙasa ta ce, "Bar wannan, zo ka ji." Ta ba shi labari tun daga ƙafar amalanke, ta buɗe masa tafin hannu, ta aika a jawo masa ruwan rijiyar da ta ƙafe ya sha. Ina mai baƙin cikin sanar da kai cewa yanzu babu mai kallon allonku. Mutane suna zama a ƙasa a gabanta. Malamar nan ta dawo sau uku da littafi. Hukumarka ta samu abokiyar hamayya mai haƙori huɗu, kuma tana cin ku da yawa.

Na bakwai, zuwana ofishinku, domin Inna ce ta ce in je a gyara. Zuwan farko aka ce in cike fom. Zuwa na biyu aka ce fom ɗin sai ɗan zuriyar ya sa hannu. Na ce ai ni ne. Ma'aikacin ya buɗe fayil, ya bi layi da yatsa, ya ce cikin tausayawa, "Malam, a nan an nuna kun ƙare." Na ce ga ni. Ya ce ganinsa ba hujja ba ce, sai na kawo takarda. Na ce wace takarda? Ya ce wadda Sashen Gyaran Kurakurai ke bayarwa, a tsohon gini. Na hau mota biyu na je tsohon gini. Ƙofa a kulle, ciyawa har gwiwa, a gaba kuma ga wani kyakkyawan allo, kore shar, mai ƙafa biyu: A NAN NE SASHEN GYARAN KURAKURAI YA TAƁA ZAMA. Na cire hula na yi tsaye na minti ɗaya, domin na san zafin abin.

To, ranka ya daɗe, ga roƙona, kuma ba shi da nauyi. Ba ma son biki, ba ma son labule. A turo mutum ɗaya mai kunne biyu da alƙalami ɗaya, ya zo ya zauna a gaban Inna na awa guda. Za mu ba shi kujera mai kyau da ruwa mai sanyi. Na tambaye ta me take so a rubuta in an zo, na ɗauko takarda ina jiran dogon bayani. Ga abin da ta ce, ban ƙara ko wasali ba a wannan karon:

A NAN ƘAFAR AMALANKE TA KARYE. MACE TA HAƘA, 'YARTA TA KWASHE ƘASA. RUWA YANA NAN, A SHIGO A SHA.

Na ce to shi fa kakana, a cire shi? Ta ce, "A'a, ubana ne. A sa shi a ƙasa da ƙananan baƙi. A rubuta: mijinta ya dawo."

Ƙarfe nawa ne, fenti nawa ne, aiki nawa ne. Izini kawai nake nema, da sa hannunka mai albarka. Sai dai ina tuna wa mai girma, cikin ladabi, cewa Inna ba allo ba ce, ba a zuba mata siminti a ƙafa ba. A da tana zama a waje tun hantsi har la'asar. Yanzu kafin azahar take cewa a mayar da ita ciki. Kowace safiya in na ɗauke ta zuwa kujerar sai na ji nauyinta ya ƙara raguwa a hannuna, kuma kowace safiya sai ta tambaye ni, "Yau za su zo?" Ni kuwa na riga na yi mata alkawari ba zan sake yi mata ƙarya ba. Don haka nake ce mata ban sani ba.

Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka kujerarsa, ya tsare shi daga sharrin masu rubuta tarihinsa ba su tambaye shi ba.

Naka mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa, a raye kuma cikin ƙoshin lafiya,

Mai walda,
jikan wadda ta haƙa.